Ragowar Waken Gwangwani: A Ajiye Ko A Zubar?

Gabatarwa

Waken gwangwani ba baƙo ba ne a biranen ƙasar Hausa. Ana ganinsa a kantuna jere da madara da kifi da tumatir. Ana zuba shi cikin haɗin salak ranar biki ko salla, ɗaliban makarantun kwana kan sa shi cikin akwatin guzuri, wasu iyalai kuma kan ɗumama shi su ci da burodi da safe. Shi wannan wake ba irin wanda ake nomawa a Kano ko Maraɗi ba ne. Wani ɗan ƙaramin farin wake ne wanda asalinsa daga nahiyar Amurka yake, akan dafa shi a masana'anta cikin romon tumatir da sukari da gishiri, wani lokaci kuma cikin ruwan gishiri kawai. Babban gwangwani kan ɗauki kimanin giram 400, wanda sau da yawa ya fi ƙarfin buƙatar zama guda. Saboda haka rabi kan saura, sai a danne murfi, a ɗora a kan kanta ko a tura cikin firiji, a jira gobe.

Game da wannan ragowa jama'a sun kasu gida biyu. Wasu na ganin abincin gwangwani ba ya lalacewa, domin wai an sa masa magani tun daga masana'anta. Wasu kuma na ganin duk haɗarin yana jikin ƙarfen ne, don haka da zarar an juye waken cikin kwano an gama aiki. Ra'ayin wannan maƙala shi ne duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Gwangwanin da aka buɗe ya tashi daga ma'ajiya ya koma tukunya, abin da ke cikinsa kuwa dafaffen abinci ne kamar kowane, kuma abubuwa biyu ne ke yanke masa hukunci: tsawon lokaci da yanayin zafi.

Me Ke Tsare Abinci Cikin Gwangwani?

A shekarar 1810 gwamnatin Faransa ta ba wani mai sana'ar girki da alewa, Nicolas Appert, kyautar faran 12,000 saboda dabarar da ya gano ta adana abinci. Yakan cusa abinci cikin kwalba, ya toshe bakin sosai, sa'an nan ya dafa kwalbar cikin tafasasshen ruwa. A cikin wannan shekara ce wani ɗan kasuwa a Ingila, Peter Durand, ya sami takardar mallakar dabarar yin haka da mazubin ƙarfe, kuma kafin 1813 ta ƙare an soma cika gwangwanaye a wata masana'anta a Landan. Appert ya san dabararsa na aiki, amma bai san dalili ba. Sai bayan kimanin shekara hamsin ne Louis Pasteur ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da abinci, kuma zafi na kashe su.

Masana'antun yau ba sa tsayawa a tafasa. Ruwa na tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, amma wake da nama da kifi, wato abincin da ba shi da tsami sosai, akan dafa su cikin manyan tukwanen tururi masu matsi har zafi ya kai wajen digiri 121. Dalili kuwa shi ne wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wadda ke zaune cikin ƙasa. Idan yanayi ya yi mata tsanani takan shige cikin wani ƙwanso mai tauri ta yi likimo, kuma a wannan hali tana iya jure tafasa na sa'o'i. Ba ta farkawa sai inda babu iskar oksijin kuma babu tsami mai yawa, wato dai irin yanayin da ke cikin rufaffen gwangwanin wake. Ƙa'idar masana'antu ita ce tsakiyar gwangwani ta sami zafin da ya yi daidai da minti 3 a digiri 121, ko fiye da haka, domin a hallaka ta har cikin ƙwansonta.

Ashe ke nan masu gadin gwangwani biyu ne: zafin da ya kashe abin da ke ciki, da rufin da ya hana na waje shiga. Gishiri da sukarin da ke cikin romon don ɗanɗano aka sa su, ba su kai yawan da zai hana ruɓewa ba. Haka kuma kwanan watan da ke jikin gwangwani alkawari ne a kan rufaffen gwangwani kawai. Ranar da wuƙa ta huda murfi, ranar alkawarin ya ƙare, ko da saura shekara biyu a rubuce.

Bayan An Buɗe

Da buɗe murfi ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa. Suna zuwa daga iska da ƙura, daga wuƙar da aka fasa gwangwani da ita, daga cokalin da aka kai baki aka mayar, daga yatsa, daga ƙafar ƙuda. Abin da suke tararwa kuwa gona ce da aka share aka yi mata huɗa: ga laima, ga sitaci, ga sinadarin gina jiki, ga shi kuma babu wasu ƙwayoyin da za su yi gasa da su, tun da wuta ta riga ta kashe kowa.

Yawancin ƙwayoyin da ke jawo ciwon ciki suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, sun fi kuma jin daɗi a kusa da zafin jikin mutum, wato digiri 37. Ɗakin girki a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi a waje kan haura digiri 40, ba shi da nisa da wannan awo. A irin wannan yanayi ƙwaya guda na iya rabuwa biyu cikin kowane minti 20. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa: cikin sa'a guda ƙwaya 1 ta zama 8, cikin sa'a 3 ta zama 512, cikin sa'a 6 ta zama 262,144, cikin sa'a 7 kuwa ta haura miliyan 2. Waken da aka buɗe da karin kumallo aka bari har la'asar ya cika waɗannan sa'o'i, kuma cokali ba ƙwaya guda yake kawowa ba.

Abubuwa biyu ne suka ƙara wa lamarin muni. Na farko, hanci da harshe ba alƙalai ba ne a nan. Ƙwayoyin da ke sa abinci ya yi tsami ko wari ko yauƙi daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum, don haka wake na iya zama lafiya lau a ido da baki alhali yana ɗauke da cuta. Na biyu, ba kowane lahani ne wuta ke gyarawa ba. Ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, idan ta yawaita cikin abinci takan zubar da wani dafi wanda tafasa ba ta lalata shi. A tafasa waken, ƙwayar ta mutu, dafin na nan, kuma cikin 'yan sa'o'i kaɗan wanda ya ci zai soma amai. Haka ita ma Bacillus cereus take yi, musamman cikin shinkafar da ta kwana, wadda galibi ita ce abokiyar cin wake.

Laifin Ƙarfe Fa?

Masu tsoron ƙarfe ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Gwangwani ƙarfe ne da aka lulluɓe da siririn shafin kuza, irin kuzar nan da ta sa aka san ƙasar Jos a duniya, domin hana tsatsa. Muddin yana rufe, kuzar da ke narkewa cikin abinci kaɗan ce ƙwarai. Idan aka buɗe iskar oksijin ta shiga, narkewar kan ƙara sauri, musamman cikin abinci mai tsami irin su tumatir da abarba. Kuza mai yawa kan dami ciki, shi ya sa hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex Alimentarius, ta sa iyakar miligiram 250 cikin kowane kilo na abincin gwangwani. Sai dai yawancin gwangwanayen yau an shafe cikinsu da wani abu mai kama da fenti wanda ke raba abinci da ƙarfe, saboda haka abin da aka fi gani shi ne canjin ɗanɗano da launi.

Juye ragowar wake cikin wani mazubi daidai ne, kuma ya kamata a yi. Amma babban amfaninsa shi ne samun murfi mai rufuwa sosai, abin da yagaggen murfin gwangwani ba zai bayar ba. Wanda ya juye wake cikin kwano mai kyau ya bar shi a kan tebur har dare ya tsere wa ƙaramin haɗari ne ya rungumi babba.

Ƙa'idojin Ajiya

Ga wanda ke da firiji mai aiki, ƙa'idojin ba su da wuya. Da farko a wanke saman gwangwani da abin buɗewa kafin a fasa. A ɗebi abin da za a ci da cokali mai tsabta, kada kuma a ci kai tsaye daga ciki idan ana nufin ajiye saura. A juye ragowar nan take cikin kwalba ko roba mai murfi wadda aka wanke ta bushe, a rubuta ranar a jiki.

Na biyu, a kula da agogo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a zafin ɗaki. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta rage wannan zuwa sa'a 1 idan zafin wurin ya haura digiri 32, wanda a ƙasar Hausa shi ne halin rana cikin watanni da dama na shekara.

Na uku, sanyin firiji ya kasance digiri 5 ko ƙasa da haka, a kuma sa mazubin can ciki, domin jikin ƙofa ya fi ko'ina ɗumi. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu sauri kawai yake yi. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya na ba da shawarar a cinye ragowa cikin kwana 2, ta Amurka kuwa ta ce kwana 3 zuwa 4. Waɗannan alƙaluma an yi su ne don ƙasashen da wuta ba ta yawan yankewa, saboda haka a nan hankali ya fi kwanciya da kwana 2. Wanda ya san ba zai ci cikin wannan lokaci ba, sai ya daskarar da shi a firiza tun ranar farko. A digiri 18 ƙasa da sifili hayayyafa na tsayawa cak, kuma wake kan yi wata ɗaya ko biyu bai rasa daɗinsa sosai ba, illa dai ya ɗan ƙara laushi.

Idan Wuta Ba Ta Tsayawa

A gidaje da yawa firiji kan wuni babu wuta, kuma nan ne shawarar littattafan ƙasashen waje ke gazawa. Firijin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyin da ya dace na kimanin sa'a 4 ne kawai, shi ma idan ba a buɗe ƙofa ba. Firiza da ke cike maƙil kan kai sa'a 48, wadda ke rabi kuwa sa'a 24. Bayan haka firiji ya zama kabad. Idan wuta ta dawo da dare ta sake sanyaya waken, ba ta goge abin da ya faru da rana ba. Da safe za a same shi da sanyi a hannu, amma ƙwayoyin da suka hayayyafa suna nan, dafinsu ma yana nan.

Randa da tukunyar ƙasa ma ba su isa ba. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana tsawaita kwanan tumatir da gauta da alayyafo ƙwarai da gaske. Amma sanyinta ba ya sauka zuwa digiri 5, don haka ba wurin ajiye dafaffen wake ba ne. Ita kuwa kula, aikinta riƙe ɗumi na ɗan lokaci. Abincin da ya wuni a ciki kan sauko sannu a hankali ya zauna daidai inda ƙwayoyin cuta suka fi so.

Akwai kuma al'adar tafasa miya da dare a rufe, a sake tafasawa da safe. Wannan hikima ce ta gaske, kuma ta fi barin abinci haka nan nesa ba kusa ba, musamman idan ba a sake sa cokali ba bayan an sauke. Amma tana da iyaka. Ƙwayoyi masu ƙwanso, irin su Clostridium perfringens, kan tsira daga tafasa su farka yayin da tukunya ke hucewa, kuma abinci mai kauri kamar wake ya fi daɗewa kafin ya huce. Saboda haka ga gidan da babu tabbataccen sanyi, da ɗalibin da akwati ne kawai ma'ajiyarsa, shawara guda ce: kada a bar ragowa. A sayi ƙaramin gwangwani, ko a buɗe babba lokacin da masu ci suka taru.

Cin Moriyar Ragowa

Waken da aka ajiye bisa ƙa'ida abinci ne mai amfani, kuma hanyoyin sarrafa shi suna da yawa. Ana iya zuba shi cikin dafa-dukan shinkafa ko taliya gab da saukewa, ko cikin faten doya ko na dankali. Ana iya soya shi da albasa da attarugu da ƙwai a ci da burodi, ko a murƙushe shi a kaurara miya da shi. Sharaɗin dai shi ne ya ratsu da wuta har tsakiya, ya kai aƙalla digiri 70, wato ya yi ta tururi ko'ina bayan an juya. A ɗumama abin da za a ci kawai, sau ɗaya. Abin da ya saura bayan wannan ba ya komawa firiji. Wanda aka daskarar kuwa a narkar da shi cikin firiji ko kai tsaye a kan wuta, kada a shanya shi a rana. Idan waken na ruwan gishiri ne, tsame shi da ɗauraye shi na rage gishirin da kusan kashi 40 cikin 100, abin da zai amfani masu hawan jini.

Wurin da bai kamata ragowa ta shiga ba shi ne salak, domin salak ba ya ganin wuta. Ko sabon gwangwani ne ma, salak ɗin biki da aka haɗa tun hantsi da dafaffen ƙwai da mayonis, hannaye da yawa suka taɓa, aka raba bayan la'asar, ya daɗe da ƙetare sa'a 2. Masu iya magana sun ce wake ɗaya ke ɓata gari, kuma cokali ɗaya na waken jiya ya isa ya ɓata babban faranti. Abin da ya fi shi ne a yanka ganye a ajiye daban, a bar gwangwani a rufe sai lokacin rabo.

Gwangwanin Da Ba A Ko Ɗanɗanawa

Wani gwangwanin tun kafin a buɗe ya riga ya lalace. Idan murfi ko gindi ya kumbura, ko yana yoyo, ko tsatsa ta ci shi sosai, ko ya lotse a kan haɗin baki ko na gefe, ko ya yi tsartuwa da kumfa lokacin buɗewa, to alama ce rufin ya karye ko wuta ba ta isa ba. Dafin Clostridium botulinum na cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani, ɗan lasa kaɗan na iya kisa. Alamunsa kan bayyana galibi tsakanin sa'a 12 zuwa 36: gani dishi-dishi ko biyu-biyu, saukar fatar ido, bushewar baki, wahalar haɗiya da magana, sai raunin jiki da ke gangarowa daga sama har ya taɓa numfashi, kuma yawanci babu zazzaɓi. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa nan da nan. Cutar ba ta da yawa a kayan masana'anta, amma araha ba dalili ba ce ta sayen lotsattsen gwangwani. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da kwanan wata, wanda ya lalace kuma a ƙulle shi cikin leda a zubar inda yara da kaji da awaki ba za su kai ba.

Masu Cewa An Saba

Za a sami mai cewa ya shekara yana cin waken da ya kwana bai ga komai ba, kuma zubar da abinci a wannan zamani na tsada almubazzaranci ne. Maganarsa ta biyu gaskiya ce, addini da al'ada duk sun yi hani da ɓarna. Amma wurin guje wa ɓarna shi ne kafin a buɗe gwangwani, wajen zaɓen girmansa da lokacin fasa shi da kuma miƙa wa maƙwabci tun yana sabo. Bayan ya wuni cikin zafi, wanda ya ci don kada a yi asara ya je neman ƙiba ne, yana iya samo rama, domin kuɗin magani ya fi na rabin gwangwani.

Ita kuwa maganar farko, ƙididdiga ba ta goyi bayanta ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 kuma na mutuwa, daga cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yankin Afirka ne ya fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a, da masu ciwo fiye da miliyan 91 da mamata 137,000. Ba waken gwangwani ne ya jawo wannan duka ba, amma barin dafaffen abinci cikin zafi na daga cikin manyan hanyoyin. Sau da yawa gudawar kwana ɗaya kan wuce a ɗora laifin a kan ruwa ko canjin yanayi, ba a tuna da abincin jiya ba. Saurayi mai ƙarfi kan warware. Ƙaramin yaro da tsoho da mai juna biyu da majinyaci su ne ke biyan bashin.

Kammalawa

Wannan darasi ne da ya dace da aji, kuma ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Malamin lissafi na iya amfani da ninkin ƙwayoyin cuta wajen koyar da yadda adadi ke haɓaka. Malamin kimiyya na iya sa ɗalibai su tsoma ma'aunin zafi cikin kofin ruwa a firiji, su rubuta awon kowace sa'a bayan an ɗauke wuta, su yi haka a randa da cikin kula da kuma kan tagar aji, sa'an nan su zana jadawali su nuna sa'ar da kowane wuri ya shiga tsakanin digiri 5 da 60. Ɗalibin da ya ga wannan layi da idonsa zai kai labari gida, kuma abin da ya koya a kan wake zai yi masa aiki a kan kifin gwangwani da madara da alale da shinkafar da ta kwana. Rigakafi dai ya fi magani: a buɗe daidai ci, a sanyaya saura cikin sa'a guda, a cinye cikin kwana 2 bayan an ratsa shi da wuta, abin da aka yi shakka a kansa kuma a zubar.